Dokar hana bautar da yara ba ta ce kada ɗanka ya taya ka aiki ba

Duk lokacin da aka taso da maganar hana sa yara aiki, sai hankalin iyaye ya tashi. Wai yaro ba zai ƙara bin ubansa gona ba, wai koyon sana'a ya zama laifi, wai ko aike ka tura shi ana iya kama ka. Jama'a, ba haka abin yake ba, kuma masu cin gumin yara ne kaɗai ke amfana da wannan jita-jita.

Daga masaƙun Ingila dokar ta samo asali. Yara 'yan shekara bakwai ko takwas kan yi rarrafe a ƙarƙashin inji yana gudu, suna tsince auduga, awa goma sha biyu ko fiye a yini. A ramukan kwal kuwa ana zaunar da ƙaramin yaro cikin duhu yana buɗe ƙofar iska yana rufewa. A 1838 ruwa ya cika ramin kwal na Huskar a Ingila, yara 26 suka rasu. Dokar 1833 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 9 ba a masaƙun auduga da ulu, ta 1842 kuma ta hana shigar da mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 cikin rami.

A yau ma'aunin shi ne yarjejeniya mai lamba 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka amince da ita a 1973. Shekara 15 kafin a ɗauki yaro aiki, ƙasa mai tasowa tana iya farawa da 14, aiki mai haɗari sai ya kai 18.

Inda ake rikicewa shi ne batun aiki mara nauyi. Yarjejeniyar ta ba ƙasashe damar barin ɗan shekara 13, ko 12 a ƙasashe masu tasowa, ya yi ɗan aikin da ba zai cutar da lafiyarsa ba, ba kuma zai hana shi zuwa makaranta ba. Wannan ne ma'aunin. Yaron da ya taso makaranta ya taya mahaifiyarsa na ɗan lokaci, ba a kansa ake magana ba. Koyon sana'a a makaranta ma an keɓe shi, haka ɗan shekara 14 da ke koyon aiki bisa tsarin da hukuma ta amince da shi. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi tana iya cirewa daga dokar ƙaramar gonar iyali wadda ake nomawa don ci, ba ta ɗaukar 'yan ƙwadago a kai a kai.

Amma kada wani ya fake da wannan. Yarjejeniya mai lamba 182 ta 1999, wadda dukkan ƙasashe 187 na ƙungiyar suka gama amincewa da ita a 2020, ba ta san sassauci ba, ta haramta: sayar da yaro, jinginar da shi saboda bashi, tura shi yaƙi ko karuwanci, ko sa shi aikin da zai nakasa shi. Ko uban da ya haife shi ne ya aika shi feshin maganin ƙwari mai guba, haramcin yana nan.

Hukunci fa? ILO ba ta da 'yan sanda, ba ta da kurkuku. Kowace ƙasa ita ke yanke tara ko ɗauri a dokarta, kuma ana bukatar mai ɗaukar ma'aikata ya ajiye rajistar shekarun duk wanda bai kai 18 ba. A ganina nan ne ya kamata a matsa, a kan mai kamfanin da ya zaɓi yaro don ya fi arha kuma ba ya musu. Cin tarar uban da yunwa ta tilasta masa ba zai mayar da yaro aji ba.

Matsalar sa ido tsohuwa ce. Dokokin Ingila na 1802 da 1819 sun zauna a takarda saboda babu mai bin sawu, ta 1833 ma sufetoci huɗu kacal ta naɗa wa ƙasar baki ɗaya. Ƙiyasin ILO da UNICEF na 2024 ya nuna yara kusan miliyan 138 ake bautar da su, miliyan 54 daga cikinsu a ayyuka masu haɗari, kuma mafi yawansu a gonaki suke, inda sufeto bai cika leƙawa ba.