Shin takardar kuɗi tana yaɗa cuta?

Da gaske akwai ƙwayoyin cuta a jikin kuɗi?

Ƙwarai kuwa. Takardun naira ɗari zuwa dubu da auduga ake yin su, ita kuwa auduga tana shan gumi da maiƙo da danshi. Ɗauki ɗari biyun da kwandasta ya ba ka canji, ta yi laushi kamar tsumma: ta kwana a safa ko rigar mama, ta bi ta teburin mahauci, wataƙila ma an tattake ta a wurin liƙi. A kan irin waɗannan takardu ana samun E. coli da Salmonella masu sa gudawa, da Staphylococcus aureus mai kawo maruru.

Kuɗin leda fa?

Sun fi dama-dama. Babban Bankin Najeriya ya fito da naira 20 ta leda a 2007, sai 5 da 10 da 50 a 2009. Wani bincike na 2010 a ƙasashe goma, har da Najeriya da Burkina Faso, ya gano ƙwayoyin cuta sun fi yawa a kuɗin auduga fiye da na leda, domin leda ba ta jiƙa. Sai dai yau me naira 20 ke saya? Ɗari da ɗari biyu ne ke shan wahalar kasuwa.

Kenan taɓa kuɗi kawai na sa ciwo?

Da wuya. Lafiyayyar fata tana hana yawancin ƙwayoyin cutar shiga jiki, sai hannu ya kai su baki. Ka tsaya gun mai tsire ka lura: ya karɓi kuɗi, ya laluba aljihu ya ba da canji, da hannun nan ya yanka albasa ya barbaɗa yaji. Wuta ta riga ta gama aikinta, ba abin da zai sake kashe abin da ya hau naman. Haka mai lasar yatsa yana ƙirga kuɗi, da yaron da aka aika kanti ya cusa canji a baki. Yara da tsofaffi da marasa lafiya suka fi saurin kamuwa.

To yaya za a yi?

Sabulu da ruwa kafin cin abinci. Mai sayar da abinci ya sa yaronsa karɓar kuɗi, ko ya riƙa ɗiba da cokali. Masu ƙirga da yawa su ajiye jiƙaƙƙen soso a gefe, yagaggun takardu kuma a mayar da su banki a canza.