Ɗaukar Hirar Jarumai Biyu da Tace Ta: Tambayoyin Masu Koyon Fim

Kyamara ɗaya gare ni. Za ta isa?

Za ta isa, sai dai jarumai su shirya maimaici. A fara ɗaukar su tare daga ɗan nesa, sannan ta bayan kafaɗar kowannensu, sannan fuska kusa-kusa. Kowace ɗauka a kai ta ƙarshen hirar, ko da wanda kyamara ke kallo ba shi ke magana ba. Inda ake shan wuya shi ne motsi: in Hajiya ta ɗaga kofin shayi da hannun dama kan wata kalma, haka za ta yi a kowace ɗauka, mayafinta ma kada ya sauya kafaɗa.

Mece ce dokar digiri 180?

Ka ja layi a zuci tsakanin mutanen biyu, kyamara ta tsaya gefe guda. Da ta tsallaka, sai su fito a allo suna kallon wuri ɗaya, kamar ba da juna suke magana ba.

Makirfon kyamara ba zai wadatar ba?

Ina! Mai kallo na yafe hoto mai duhu, amma muryar da ba ta fita takan kore shi. A rataya makirfo a sanda saman kan mai magana, ko a maƙala ƙarami a riga. A kashe fanka da firji, a kai janareta nesa. Wanda ya yi aiki a lokeshin cikin Kano ya san adaidaita sahu ba ya jiran darakta. Kafin a tashi, kowa ya yi tsit a naɗi sautin ɗakin na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Da shi edita zai cike giɓi tsakanin maganganu.

Wajen tacewa, a ina zan yanka?

Sabon shiga yakan bi baki, duk mai magana shi ne a allo, sai hirar ta zama kai-komo mai gundura. Sau da yawa labarin na fuskar mai sauraro. Miji na faɗin zai ƙara aure, me za mu yi da bakinsa? Idon uwargida muke so. Ka bar muryarsa ta ci gaba alhali hoto ya koma kanta, wato yankan L. In muryar ce ta riga hoton mai ita shigowa, yankan J ke nan. Manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, ta kyauta ma, tana yin duka biyun, muddin ka raba sauti da hoto kafin ka ja farko ko ƙarshen kowanne.