Ma'anar "draft capital": jarin da ƙungiya ta zuba a kan ɗan wasan jami'a

Duk wanda ya fara bibiyar ƙwallon Amurka, musamman ta hanyar gasar fantasi, ba zai daɗe ba zai ci karo da kalmar draft capital, wadda masu sharhi ke yawan ambata daga watan Fabrairu har bayan ƙarshen Afrilu. A Hausa za mu iya kiranta jarin zaɓe. Abin da take nufi shi ne darajar lambar da wata ƙungiya ta gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta kashe wajen ɗauko ɗan wasa daga jami'a, wato ko a zagayen farko ta ɗauke shi, ko a na uku, ko kuwa an gama zaɓen duka babu wanda ya kira sunansa. Kalmar ta shafi kowane ɗan wasa, amma babu inda ta fi nauyi kamar wajen auna ɗan gudu da ƙwallo, wanda Amurkawa ke kira running back. Shi ne wanda ke tsayawa a bayan mai jefa ƙwallo, a miƙa masa ita hannu da hannu, ya rungume ta a ƙirji ya kutsa cikin ƙartan da ke jiran su kayar da shi, sannan a auna yadi nawa ya ci kafin ya kai ƙasa.

Kafin a gane dalilin kiran lamba jari, sai an san cewa ƙungiyoyin NFL ba sa sayen matashi daga wata ƙungiya kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafar Turai. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma a kowace shekara sukan zauna su zaɓi 'yan wasan jami'a ɗaya bayan ɗaya a zagaye bakwai. Wadda ta fi kowa faɗuwa a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, zakara kuma ta zo a ƙarshe. Ana yin zagayen farko ranar Alhamis, na biyu da na uku ranar Juma'a, sauran huɗun kuma ranar Asabar, kuma ɗan wasa ba ya shiga sai ya cika shekara uku da gama sakandare. Ke nan kowace ƙungiya tana da lambobi kusan bakwai ne kawai a shekara, alhali tana da gurabe da yawa da ke buƙatar cikewa. Idan ta kashe lambar farko a kan ɗan gudu, ta haƙura ke nan da mai jefa ƙwallo ko mai tsaron baya da za ta iya samu da wannan lambar. Bugu da ƙari, kwantiragin sabon ɗan wasa na shekara huɗu ne, albashinsa yana bin lambar da aka ɗauke shi, kuma na zagayen farko ƙungiya tana da damar ƙara masa shekara ta biyar.

A gasar fantasi, wadda ta yi kama da ta Firimiya da matasanmu suka saba bugawa a waya, mutum yakan haɗa ƙungiyarsa daga 'yan wasan gaske, ya riƙa samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili. A tsarin da aka fi amfani da shi, kowane yadi goma maki ɗaya ne, shigar da ƙwallo ƙarshen fili maki shida, kuma a gasa da yawa kowace ƙwallon da ɗan wasa ya cafe daga mai jefawa tana da makinta guda. Ɗan gudun da ya ci yadi 100 a ƙasa, ya shiga ƙarshen fili sau ɗaya, ya kuma cafe ƙwallo huɗu da suka ba shi yadi 30, ya tara maki 23 a rana ɗaya. Akwai kuma nau'in gasar da ake kira dynasty, wato gasar dindindin, inda mutum ke riƙe 'yan wasansa shekara da shekaru, sai dai kowace bazara a zaɓi sababbin da suka fito daga jami'a. A irin wannan gasar ce jarin zaɓe ya zama maganar yau da kullum, domin kuskuren da mutum ya yi a kan matashi ɗaya zai iya bin sa shekara uku ko huɗu.

To a nan gizo ke saƙa. Ɗan gudu ba ya samun maki sai an ba shi ƙwallo, kuma ba shi ke yanke shawarar a ba shi ba, koci ne. Mafi gwanintar matashi idan yana zaune a benci bai amfani mai fantasi da komai ba, yayin da matsakaicin ɗan wasa da ake miƙa wa ƙwallo sau ashirin a kowane mako zai tara maki ko da gudunsa bai burge kowa ba. Jarin zaɓe shi ne alama mafi ƙarfi da ke nuna wanda za a ba ƙwallon. Manajan da ya kashe lambar zagayen farko a kan yaro ya ɗaura mutuncinsa da aikinsa a kan yaron, don haka zai so a gan shi a fili tun makon farko, kuma idan ya yi kuskure za a yi masa haƙuri a sake ba shi dama. Wanda aka ɗauka ranar Asabar kuwa, sau da yawa ƙwallo ɗaya da ta suɓuce masa ta isa a mayar da shi gefe.

Labarin James Robinson ya nuna wannan ƙarara, kuma a ganina duk mai son fahimtar kalmar ya kamata ya riƙe shi. A 2020 aka gama zagaye bakwai babu ƙungiyar da ta zaɓe shi daga jami'ar Illinois State, sai Jacksonville Jaguars ta ɗauke shi bayan an tashi daga zaɓen. Ya zama ɗan gudunsu na farko, ya ci yadi 1,070 a shekararsa ta farko, abin da da yawa daga waɗanda aka zaɓa ba su yi ba. Amma da Afrilun 2021 ya zo, sai ƙungiyar ta kashe lamba ta 25 a kan Travis Etienne na jami'ar Clemson, wanda shi ma ɗan gudu ne. Etienne ya ji rauni a ƙafa kafin a fara kaka, bai buga ko wasa ɗaya ba a shekarar, amma ƙungiyar ta jira shi, kuma da ya warke, a Oktoban 2022 aka tura Robinson zuwa New York Jets. Gaskiya ne cewa shi ma Robinson ya yi fama da mummunan rauni a ƙarshen 2021, sai dai an riga an zaɓo magajinsa tun yana da lafiya, 'yan watanni bayan ya yi kakar da ta fi kowace kyau a zamansa na NFL. Ƙungiyar ba ta zuba komai a kansa ba, saboda haka ba ta ga asarar komai ba wajen maye gurbinsa.

A ɗaya ɓangaren akwai Saquon Barkley, wanda New York Giants ta ɗauka a lamba ta 2 a 2018 daga jami'ar Penn State. A shekarar farko ya ci yadi 1,307 a ƙasa, ya cafe ƙwallo 91, domin babban kaso na harin ƙungiyar ta hannunsa yake bi. Darajar irin wannan lambar ta ma ƙaru a 'yan shekarun nan, saboda ƙungiyoyi sun rage ɗaukar 'yan gudu da wuri, ganin cewa jikinsu yana saurin lalacewa kuma ana samun madadinsu da arha. A 2022 da 2024 babu ɗan gudu ko ɗaya da aka zaɓa a zagayen farko. Shi ya sa lokacin da Atlanta Falcons ta ɗauki Bijan Robinson na jami'ar Teksas a lamba ta 8 a 2023, Detroit Lions kuma ta ɗauki Jahmyr Gibbs a ta 12, masu fantasi suka ɗauki hakan a matsayin sanarwa cewa waɗannan biyun za su riƙe ƙwallo sosai. Haka aka karanta zaɓen Ashton Jeanty na Boise State, wanda ya ci yadi 2,601 a 2024, saura yadi 27 ya kamo tarihin yadi mafi yawa a kaka ɗaya ta jami'a da Barry Sanders ya kafa a 1988. Masu shakka suna cewa jami'arsa ba ta cikin manyan rukunonin da suka fi zafi, amma da Las Vegas Raiders ta kira sunansa a lamba ta 6 a 2025, sai shakkar ko za a ba shi ƙwallo ta kau.

Duk da haka, kuskure ne babba a ɗauki jarin zaɓe a matsayin shaidar gwaninta. Alƙawarin da yake ɗauka na dama ne kawai. Cleveland Browns ta ɗauki Trent Richardson na Alabama a lamba ta 3 a 2012, ta kuma ba shi ƙwallo sau 267 a shekarar farko, ya ci yadi 950, ya shiga ƙarshen fili sau 11 da gudu. Masu fantasi sun ji daɗinsa a waccan shekarar, amma wanda ya duba da kyau ya ga cewa matsakaicin gudunsa bai kai yadi huɗu ba. A Satumban 2013 aka tura shi zuwa Indianapolis Colts, kuma cikin 'yan shekaru ya fice daga gasar. Jarin ya cika alƙawarinsa, ya buɗe masa ƙofa, abin da ya rage na ƙafa da ido ne, wannan kuwa ba lamba ce ke bayar da shi ba.

Wani abin da nake ganin mutane suna yawan faɗawa cikinsa shi ne ƙirga lambobi ɗaya bayan ɗaya kamar tazarar lamba tara wani abu ce. A 2020 Kansas City Chiefs, wadda ta ci kofi a lokacin, ta ɗauki Clyde Edwards-Helaire na jami'ar LSU a lamba ta 32, ta ƙarshe a zagayen farko, Colts kuma ta ɗauki Jonathan Taylor na Wiskonsin a ta 41. Masu fantasi da yawa suka fifita Edwards-Helaire saboda sunan zagayen farko da kuma kwaɗayin ganinsa kusa da Patrick Mahomes, gwanin mai jefa ƙwallon Chiefs, duk da cewa Taylor ya fi shi girman jiki da sauri, kuma ya ci fiye da yadi dubu shida a shekara uku a jami'a. A 2021 Taylor ya fi kowa gudu a NFL da yadi 1,811, shi kuwa Edwards-Helaire a 2022 Isiah Pacheco, yaron zagaye na bakwai, ya karɓe gurbinsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba jarin gida-gida: na saman zagayen farko daban, na ƙarshensa zuwa zagaye na uku kusan gida ɗaya, na ranar Asabar kuma daban. Idan mutum biyu suna gida ɗaya, sai a koma ga abin da suka yi a jami'a.

A nan ne sauran ma'aunai ke shigowa, kuma biyu daga cikinsu sun cancanci kulawa fiye da gudun yadi 40 da ake gwadawa a birnin Indiyanapolis kafin zaɓe. Na farko shi ne cafe ƙwallo. Alvin Kamara ɗan zagaye na uku ne a 2017, amma ya cafe ƙwallo 81 a shekararsa ta farko da New Orleans Saints, kuma a gasar da ke ba da maki a kan kowace cafka wannan kaɗai maki 81 ne, kafin a lissafa yadi ko ɗaya. Na biyu shi ne tare wa mai jefa ƙwallo maharan da ke zuwa kansa. Wannan aiki ba ya kawo maki, ba a kuma cika nuna shi a faifan bajinta ba, amma matashin da bai iya shi ba koci zai fitar da shi a daidai lokutan da aka fi jefa ƙwallo, domin babu ƙungiyar da za ta bari a karya mata mai jefawa saboda sabon yaro. Idan mai kallo ya samu cikakken wasan jami'a, ya lura da ɗan gudun a lokacin da ba a ba shi ƙwallo ba: ko ya ga maharin da ke tahowa ta gefe, ko ya durƙusar da kafaɗa ya tare shi, ko kuwa ya tsaya yana waige har aka kayar da mai jefawa.

Saboda haka mai gasar dindindin da ya gama jera sunayensa a watan Maris bai kamata ya riƙe jerin da ƙarfi ba. Yaron da ya ɗora a sama idan Juma'a ta wuce ba a kira shi ba, to ƙungiyoyi 32 da likitocinsu da masu binciken da suka zauna da shi sun ƙetare shi har zagaye uku, kuma sun ga hotunan gwiwarsa da mai kallo a gida bai gani ba, don haka sai ya sauke shi ƙasa kafin ranar nasa zaɓen.