Babur na shan mai, salansa na harbi: tambayoyi kan gyaran kafireto

Ta yaya zan gane mai ne ya yi wa injin yawa?

Kwance fulogi ka duba bakinsa. In ya yi baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, fetur ya rinjayi iska. Lafiyayyen fulogi ruwan ƙasa yake yi. Za ka kuma ga baƙin hayaƙi, ka ji warin ɗanyen fetur, in ka murza totur mashin ya riƙa shaƙewa kafin ya ɗauka. Injin fetur na son iska kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, sau da yawa wannan maganar ringin fistin ce, kada a ɗora wa kafireto.

To harbin fa, daga ina yake?

Man da bai gama ƙonewa ba yana gangarawa salansa mai zafi. In ya samu iska ta gasket ɗin da ya huje a wuyan salansa, sai ya kama da wuta, ka ji tau kamar bindiga. Amma a nan mutane da dama ke ɓata. Tas-tas ɗin da ake ji idan an saki totur sau da yawa ƙarancin mai ne. Haka ma atishawa ta bakin kafireto: ko iska na satar shiga ta tsagaggiyar robar da ta haɗa shi da injin, ko bawul ba ya rufewa sosai. Wanda ya rage mai a irin wannan hali zafi zai ƙara wa injin.

Me zan fara taɓawa?

Matatar iska. Abin yana damuna in ga an ɗauki sukudireba an nufi kafireto alhali soson matatar ya toshe da ƙurar hunturu. Iska ba ta wucewa, dole mai ya yi yawa. Wanke shi, ko ka sa sabo. Sannan ka tabbata cok, wato abin da ake ja don tayar da injin da sanyi, yana komawa mazauninsa gaba ɗaya.

In duk wannan lafiya lau ne?

Sai a rufe mai, a kwance kwanon ƙasan kafireto, nesa da wuta da taba. A ciki akwai fulot, wato abin da ke yawo a kan man, da 'yar allurar da ke tsayar da mai idan kwanon ya cika. In bakinta ya cinye, ko datti ya tokare ta, ko fulot ya huje ya sha mai, sai fetur ya haura, har ka gan shi yana ɗiga ta tiyon ƙasa. Jet kuma, wato ɗan sukurun da ke da ƙaramin ramin da mai ke bi, a hura shi da iska. Masu zura masa wayar ƙarfe suna faɗaɗa ramin ne, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa, sai sabo mai lamba ɗaya da na asali.

Doguwar allurar totur tana da tsaga-tsaga a kanta da ƙulli. Mayar da ƙullin tsaga ɗaya sama yana saukar da allurar, mai ya ragu a tsakiyar totur. Tsaga ɗaya kawai, a gwada.

Sukurun gefen kafireto mai daidaita iska da mai fa, ciki ake murza shi ko waje?

Ya danganta. In yana ɓangaren matatar iska, na iska ne, fitar da shi ke rage mai. In yana ɓangaren injin, na mai ne, sai a shigar. Bari injin ya yi zafi tukuna. Shigar da shi a hankali har ya tsaya, kada ka matse, ka dawo da shi zagaye 1 da rabi, sannan ka riƙa juya kwata-kwatan zagaye har silo, wato aikin injin ba a murza totur ba, ya daidaita.

Na kai babur Jos daga Kano ya fara baƙin hayaƙi, lalacewa ya yi?

Ba lallai ba. Jos na kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Kano kauri ba, don haka saitin can zai ɗan yi mai a nan. In zama za ka yi, a ɗan rage. In kuma mashin ya daɗe yana ambaliyar fetur, shinshina baƙin mai. Da ka ji warin fetur a ciki, juye shi ka zuba sabo kafin ka sake hawa titi.