Matsalolin batir da caja a motar golf mai lantarki

Motar golf mai lantarki ƙaramar mota ce da ke tafiya da wutar batura da yawa da aka haɗa a jere, kan wannan yana shiga na wancan. Yawancinsu suna aiki da bolt 36 ko 48. Mai bolt 36 takan ɗauki batura shida masu bolt 6, mai 48 kuwa takan ɗauki shida masu bolt 8, ko huɗu masu 12, ko takwas masu 6. Nau'in da aka fi sani shi ne batirin dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Na motar golf ya bambanta da na tayar da injin mota: farantan dalmar da ke cikinsa sun fi kauri, domin an yi shi ne ya riƙa ba da wuta a hankali na tsawon lokaci.

Tunda a jere suke, wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, don haka batir guda mai rauni ya isa ya kassara sauran. Wannan ne tushen akasarin ƙorafin da ake ɗora wa caja, alhali sau da yawa ita lafiyarta lau.

Gwajin batir

Ana fara gwaji da mitar auna bolt bayan an gama caji kuma baturan sun huta na wasu sa'o'i. Cikakken batir mai bolt 6 yakan nuna kusan 6.3 zuwa 6.4, mai 8 kusan 8.5, mai 12 kuma kusan 12.7. Jimillar jerin takan kai wajen 38 a mota mai bolt 36, ko kusa da 51 a mai 48. Sai dai jimilla tana ɓoye aibu. Shi ya sa ake bin baturan ɗaya bayan ɗaya, kuma gwaji mafi gaskiya shi ne wanda aka yi mota tana jan kaya ko hawan tudu, domin batirin da ya gaji yakan nuna lamba mai kyau a zaune, da an matsa masa sai ya zube.

Haidiromita, wadda ke auna kaurin ruwan asid, ta fi mita bayyana abin da ke ciki. Batir mai bolt 6 ɗakuna uku gare shi, mai 8 huɗu, kowane ɗaki da murfinsa. A cike ruwan yakan nuna tsakanin 1.265 da 1.280. Idan ɗaki ɗaya ya yi ƙasa da 'yan'uwansa da kamar 0.050, ko bayan cikakken caji, to ya fara mutuwa.

Abubuwa biyu suka fi kashe waɗannan batura. Na farko rashin ruwa: caji yana cinye ruwan, idan farantan suka fito fili suka bushe, ɓarnar ba ta gyaruwa. Tataccen ruwan batir kaɗai ake zubawa, kuma bayan caji, saboda ruwan yana tasowa yayin caji ya malalo. Idan farantai sun riga sun bayyana ne kawai ake zuba ɗan abin da zai rufe su tukuna. Na biyu barin batir babu caji. Salfet ɗin da ke taruwa a kan farantai yayin amfani yana narkewa idan an yi caji da wuri, amma idan ya kwana biyu sai ya daskare ya rage ƙarfin batirin har abada. Akwai kuma kuskuren jawo wutar fitila ko rediyo daga batir ɗaya ko biyu na jerin, wanda ke tsufar da su kafin sauran. Na'urar rage bolt ce maganinsa.

Farar tsatsa ko shuɗiya a kan batir tana hana wuta wucewa, kuma kan da ya yi sako-sako yakan yi zafi har dalmarsa ta narke. Ana wanke ta da sodar burodi da ruwa, ba tare da an bar shi ya shiga ɗakunan ba.

Idan caja ta ƙi tashi

Caja mai sarrafa kanta sai ta ji wani ɗan ƙarfi daga baturan kafin ta kunna. Motar da ta yi watanni a ajiye takan sauka ƙasa da wannan iyaka, sai a soka caja ta yi shiru, mai ita ya ɗauka ta ƙone. Abin yi shi ne a ɗaga baturan da ƙaramar caja da ta dace da bolt ɗinsu har jerin ya farfaɗo, sannan a mayar da babbar.

In ba haka ba ne, sai a duba soket ɗin bango, da fis, da filogi da mashigarsa a jikin mota, inda datti da ƙuna suka saba ɓuya. Tsofaffin caja masu nauyi suna yin ƙas sannan taransifoma ta fara gurnani. Idan an ji gurnani amma allurar mitar cajar ba ta motsa ba, ana zargin fis ko dayod, wato ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Cajar da ba ta tsayawa har batura su yi zafi tana iya zama da matsala, amma mataccen ɗaki ma yana jawo haka, tunda jerin ba ya kaiwa matakin da za ta kashe kanta. A wasu motocin kamfanin Club Car masu bolt 48 ma kwamfutar cikin motar ce ke umartar caja, don haka laifin yana iya zama na kwamfutar.

Caji yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, don haka ana yin sa ne a wuri mai iska, nesa da taba da tartsatsi. Kafin a taɓa waya ana cire zobe da agogo, a sa tabarau, a mayar da makunnin motar kan saitin jan mota (Tow) idan tana da shi.

Baturan litiyam

Sababbin motoci da yawa sun koma litiyam, wanda ba ya bukatar ruwa kuma ya fi sauƙin nauyi. Yana da na'urar tsaro a cikinsa da ke yanke wuta idan ya sauka sosai, ko ya yi zafi, ko sanyi ya kai na ƙanƙara lokacin caji. Batirin da ya yanke haka yakan nuna kamar ya mutu, alhali tashinsa kawai ake bukata ta hanyar da kamfaninsa ya tsara. Cajarsa daban ce, ba a haɗa shi da ta dalma sai in tana da saitin litiyam.