Wai meye "dansiti" da masu katifa ke ta faɗa, kuma shi ake dubawa a katifar jariri?

Duk wacce ta taɓa shiga kasuwar Balogun ko Idumota a Legas sayayyar haihuwa ta san kalmar nan, kina tsayawa ƙofar shago mai katifa zai dake ta da tafin hannu yace Hajiya wannan hai dansiti ce, ke kuma sai ki ji kamar an gama magana saura ciniki. Nima haka na ɗauka, sai da ƙanwata ta haihu a Agege muka fita neman katifar gadon jariri, wanda nan Legas kowa ke ce ma kot.

Dansiti fa ba tauri bane, nauyi ne. A yanko soso mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya kauri a ɗora kan sikeli, kilon da ya bayar shine dansitinsa, in aka ce 30 to kilo 30 kenan. Abinda yake gaya miki kawai shine an zuba kaya sosai wajen haɗa shi, zai jima bai lotsa ba. Amma soso yana iya yin nauyi kuma ya zama lubus, kamar memori fom ɗin nan da ake yayi, yawanci ya fi soso gama-gari dansiti amma kina danna shi shatin hannunki zai zauna sai a hankali ya taso. Ga babba mai ciwon baya daɗi ne, ga jariri kuwa shine ainihin abinda ba a so.

Dalili, jariri ɗan wata 2 zuwa 4 wuyansa bai yi ƙwari ba, in ya juya fuskarsa ta nutse cikin abu mai laushi bazai iya ɗagowa ba, iskar da ya fitar ita zai ta shaƙa. A wannan tsakanin ne aka fi samun mutuwar fuju'ar jarirai cikin barci wadda likitoci ke kira SIDS, Allah ya tsare mana. A Amurka a 1994 suka fara gangamin a dinga kwantar da jariri rigingine, kuma mace-macen ya ragu da wajen rabi a shekarun da suka biyo baya. Shawarar har gobe bata canza ba, rigingine, kan katifa mai tauri shimfiɗaɗɗiya, ba filo ba bargo ba 'yar tsana.

To ki bar mai shago da dansitinsa ki sa hannunki. Danna tsakiya da gefe-gefe, in ta taso nan take ba shati to da kyau. Sai girma, nan ne ma aka fi samun matsala don kafinta shi yake yanke awonsa yadda ya ga dama, na kanti kuma da yawansu santimita 60 ne da 120. Ki auna cikin gadon da tef kafin ki fito gida, in an saka katifar kuma yatsunki sun wuce biyu a tsakaninta da katakon to ta yi ƙarama, hannu ko fuskar yaro na iya maƙalewa a wurin.

Sai halinmu na barin ledar kamfani a jikin katifa wai kar ta yi datti. A cire don Allah, ga zafin Legas ga leda na iya like hanci. In fitsari ake gudu a sa makintosh, wato shimfiɗar nan mai hana ruwa ratsawa, daidai girman katifar a ɗaure da zanin gado mai roba. Katifar tokumbo (ta gwanjo) kuwa ni dai bana so, da laimar damina ta garin nan baki san fumfunar dake ciki ba balle kuɗin cizo.

Mu dai mai taurin muka ɗauko. Inna tana taɓawa tace wannan ai benci ne kuka sayo wa jikana, ta tashi zata ninka bargo ta shimfiɗa a kai, sai da ƙanwar tawa ta yi ta lallashinta kafin ta haƙura ta mayar da shi cikin akwati.