Waiwaye: Yadda Adakar Mafarautanmu Ta Zauna Babu Murɗi

Duk shekarar da kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, mafarauta suka fara fita a yankunan Kauru, Kaciya da Giwa, sai tsohuwar muhawara ta sake tashi a majalisun Kaduna game da bindigar da ake ɗurawa ta baki, wadda muke kira adaka ko harba-ka-ruga. Wasu suna cewa a tattara su baki ɗaya saboda yadda bututunsu ke fashewa a hannun masu su, wasu suna ɗora laifin a kan maƙera, su kuma mafarauta da yawa suna cewa albarushin yanzu ne ba shi da ƙarfi, shi ya sa suke ƙara ɗuri. A 'yan shekarun nan matasa sun shigo da sabuwar tambaya, domin suna gani a wayoyinsu yadda maharbin Amurka ke riƙe da gajeriyar bindiga mai ɗurin baki yana samun barewa daga nesa, sai su ce me ya hana tamu yin haka. Amsar wannan tambaya ta girmi kakanninsu.

Farkon labarin sananne ne. Mai Idris Alooma na Borno ya yi amfani da 'yan bindiga tun ƙarni na 16, an kuma ce Sarkin Kano Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. Ta gaɓar teku kuwa, 'yan kasuwar Danmak da ke zaune a Akara sun sayar da dogayen bindigogi masu ƙyastu har sunan ƙasarsu ya liƙe wa bindigar a bakin Turawa, suna ce mata "Dane gun", daga baya masana'antun Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam suka cika kasuwar. Dukkansu cikin bututunsu sumul yake, kamar cikin gora.

A can Turai kuwa, tun wajen shekara ta 1500 maƙeran ƙasashen Jamus suka gano cewa idan aka tsaga layuka masu murɗawa a cikin bututu, harsashi zai fita yana juyawa a kan kansa, kuma wannan juyin ne ke hana shi kaucewa. Ana auna murɗin da tazarar da harsashi ke ci kafin ya yi juyi ɗaya cikakke, don haka idan aka ce ɗaya cikin 66, ana nufin juyi ɗaya a inci 66. Dunƙulen dalma mai siffar ƙwallo ba ya buƙatar juyi mai yawa, shi ya sa gajeriyar bindigar Baker da sojan Ingila suka ɗauka a 1800 kwatan juyi kawai take yi a bututu mai inci 30. Da kyaftin Minié na Faransa ya fito da dogon harsashi mai rami a gindi a 1849, wanda matsin fashewar albarushi ke buɗa shi ya kama tsagin bututu, sai lissafi ya canza. Bindigar Enfield ta 1853 tana da murɗi ɗaya cikin 78, amma ta Whitworth, mai harsashi siriri dogo, ta koma ɗaya cikin 20. A 1879 masanin lissafi Greenhill ya tsara ƙa'idar a rubuce: gwargwadon tsawon harsashi a kan faɗinsa, gwargwadon tsananin murɗin da yake bukata.

A daidai wannan gaɓa ne aka yi abin da ba kasafai ake ambata a muhawararmu ba. Ranar 2 ga Yuli, 1890, ƙasashen da suka taru a Brasels suka sa hannu a kan yarjejeniyar da manufarta ita ce daƙile cinikin bayi a Afirka, kuma cikin hanyoyin da suka zaɓa har da taƙaita shigo da makamai. Suka shata yanki daga digiri 20 arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, zuwa digiri 22 kudu da shi, wanda ya haɗiye ƙasar Hausa gaba ɗayanta, suka hana sayar wa jama'a bindigogi masu murɗi da na zamani a cikinsa, suka bar ƙofa a buɗe ga abu biyu kacal: bindiga mai ƙyastu marar murɗi da albarushin kasuwa na gama-gari. Ba niyyar masu yarjejeniyar nake tuhuma ba, sakamakon da ya biyo baya a maƙera shi ne abin dubawa. Maƙeri yana koyon sana'a ne daga abin da aka kawo masa gyara, ya kwance, ya duba, ya kwaikwaya, ya koya wa ɗansa. Tun da bindigar da ke zuwa hannunsa shekara da shekaru sumul take, ilimin tsagi da murɗi, da na daidaita nauyin harsashi da awon albarushi, bai sami hanyar shiga sana'ar ba, alhali kuwa waɗannan maƙera sun iya ƙera ƙyastu da kunama da marfin wuta da hannunsu, wanda ya nuna ba basira ce ta gaza ba. Wannan rabe-raben ya daɗe har ya shiga dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda ta ware wa bindigogin ɗurin baki marasa murɗi rukuninsu daban da lasisinsu. Wani abin da ya ɓace a hanya shi ne gwajin bututu. A Birmingham tun 1813 akwai gidan gwaji da ake ɗura wa bututu abin da ya fi kima a harba, in ya jure a buga masa hatimi, amma bindigar da aka ƙera a ƙauye da bututun ruwa, a hannun mai ita take fuskantar gwajinta na farko.

Daga nan ake gane kuskuren da ake yi a yau. Maharbin Amurka da matasanmu ke kallo yana zaɓar bututu gwargwadon harsashinsa: ɗaya cikin 66 ko kusa da haka don dunƙule, ɗaya cikin 48 idan yana son harba dunƙule da dogon harsashi duka, ɗaya cikin 28 don dogon harsashi na zamani, kuma yana auna albarushinsa da ma'auni bisa iyakar da masana'anta ta rubuta. Namu maharbin, idan ya yanki guntun rodi ya tura cikin bututu marar murɗi, ƙarfen zai fita yana tungurawa, ya ji wa gada ciwo ta gudu ta mutu a inda ba wanda zai ci namanta. Sai ya ɗauka ƙarfi ne bai isa ba, ya ƙara albarushi, alhali a gajeren bututu rarar ba ta gama ƙonewa a ciki, wuta da duka a kafaɗa kawai take ƙarawa. Na taɓa zama da wani dattijon maharbi da ya rasa yatsu biyu, ya ce mini bai danna harsashin ya zauna a kan albarushi ba ne, ya bar fili a tsakani, kuma lallai wannan filin kaɗai ya isa ya kumbura bututu ko ya tsaga shi.

Mafi muni shi ne albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙira a Faransa a 1884. Ƙarfin matsinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, har ma masana'antun da ke yin bindigogin ɗurin baki da ƙarfe mai inganci suna gargaɗi a jikin bututu cewa kada a saka shi. Duk da haka, idan baƙin albarushi ya yi wuya a kasuwa, akwai masu fasa harsashin bindigar zamani su juye abin cikinsa a adaka, su auna shi da tafin hannu kamar yadda iyayensu suka auna na da.